Tambayi Likita: Wa zai tsaya kusa da mai naƙuda?

Yawancin saƙonnin da suka iso mini wannan makon a kan abu ɗaya suke: wa ke kula da mace tun tana da ciki har ta yi arba'in, kuma ina iyakar aikinsa. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Likita, ina da cikin fari wata bakwai. Ina ganin matan ƙasashen waje a TikTok suna maganar dula, har wata ƙawata a Abuja ta ɗauki guda. Mene ne aikinta? Ya kamata in nemi kuɗi in ɗauka? Mahaifiyata ta rasu, kuma gaskiya tsoro nake ji. Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ke kuma ya sauke ki lafiya. Tsoron da kike ji kusan duk mai cikin fari tana jin sa, kuma kin yi daidai da kika faɗa.

Dula mace ce da ta samu horo kan rakiyar mai ciki. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta yin allura, ba ta duba buɗewar bakin mahaifa, ba ta rubuta magani. Kafin haihuwa tana zama da ke ta yi miki bayanin yadda naƙuda ke tafiya, ku shirya kaya tare. Ranar haihuwa ba ta matsawa daga gefenki: ta murza miki baya, ta ba ki ruwa, ta taimaka miki ki tashi ki zaga ko ki sauya kwanciya, ta tuna miki yadda za ki ja numfashi, ta kira nas idan ta ga abin da bai yi mata ba. Bayan haihuwa ta taya ki ɗora jariri a nono, ta lura da jikinki da kuma yanayin zuciyarki.

Wani zai ce ai wannan ba magani ba ne. To, an gwada an gani. Tun a 1980 wani bincike da aka yi a ƙasar Gwatamala ya nuna matan da aka ba su mai zama da su sun fi saurin haihuwa. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata sama da 15,000. Waɗanda ba a bar su su kaɗai ba sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta ragu da kimanin minti 40, an rage yi musu tiyata da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba a ga wata illa ba. Ana ganin dalilin shi ne: firgici yana sa jiki ya saki sinadaran da ke rage ƙarfin matsewar mahaifa, natsuwa kuwa tana barin naƙuda ta yi aikinta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce a bar kowace mai naƙuda da abokin zama wanda ita da kanta ta zaɓa, ko miji, ko 'yar'uwa, ko ƙawa, ko dula.

Shawarata gare ki, kada ki ci bashi saboda wannan. Kuɗin awo, kayan haihuwa, kuɗin mota da tanadin jini su ne gaba. In da hali bayan haka, ki tambayi wadda za ki ɗauka inda ta yi horo, domin nas da ungozomar asibiti lasisi gare su daga hukuma, sunan dula kuwa kowa na iya laƙaba wa kansa a intanet. Duk wadda ta ce ki haihu a gida a hannunta, ko ta kawo miki wani jiƙo, ki rabu da ita. In babu hali, duba cikin danginki: yaya, gwaggo, inna, ko aminiya wadda ta taɓa haihuwa, mai sanyin rai, wadda jini ba ya ruɗa ta. Abu mafi muhimmanci, ta kasance wadda ba kya jin nauyinta. Mun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, inda ake so yarinya ta cije ta yi shiru. Na sha ganin yadda shirun nan ke ɓoye matsala har lokaci ya ƙure. Ki zaɓi wadda za ki iya ce mata “kaina na sarawa” ko “ina jin jini na zuba” ba tare da sunkuyar da kai ba, kuma ki riƙa zuwa awo da ita a watannin nan na ƙarshe don ma'aikata su san fuskarta.

Tambaya: Surukata ta kusa haihuwa. Ungozomar unguwarmu ita ta karɓi 'ya'yana bakwai, ba a taɓa samun matsala ba. Yanzu ɗana ya dage sai asibiti. Wannan ba raina tsofaffi ba ne? Daga wata Hajiya a Rigasa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ba raini ba ne, kuma ni ba na cikin masu wulaƙanta ungozoma. Ta san gidan, ta san yarinyar, ana jin maganarta. Amma ki bar ɗanki ya kai matarsa asibiti, ga dalilina.

Babban abin da ke kashe mata wajen haihuwa shi ne zubar jini, kuma ba ya sallama. Mace lafiyayya wadda ta yi awo lafiya tana iya haihuwa sumul, sannan mahaifa ta ƙi tsukewa ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, cikin awa biyu rai ya yi halinsa. A asibiti ana yi mata allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, da zarar jariri ya fito, akwai ƙarin ruwa, akwai hanyar samun jini. A wani babban gwaji da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, an riƙa shimfiɗa wata leda mai awon jini a ƙarƙashin mai haihuwa, da an ga ya kai mizani sai a haɗa magunguna gaba ɗaya nan take. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin aikin. Zani da tsumma ba sa nuna yawan jinin da ya fita, sai mace ta fara lumshe ido ake farga.

Ga kuma jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, da doguwar naƙuda wadda ke barin mata da yoyon fitsari. A 2020 an ƙiyasta mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Haihuwa bakwai lafiya ni'ima ce da Allah ya yi miki, amma ba ta ba da tabbaci kan jikin wata.

Abin da nake roƙo shi ne a ba ungozomar aikin rakiya. Ta zo tare da su, ta riƙe hannun yarinyar, ta yi mata addu'a, ta taya jego bayan an dawo. Abin da ba za ta yi ba: yankan gishiri, danna ciki, da ba da jiƙon da ake cewa yana saurin kawo haihuwa, domin irinsa na iya fasa mahaifa. Cibiya kuma a shafa mata maganin kilohezidin da ake bayarwa a asibiti, ban da man goge baki, toka ko gashi da tsumma. Kuma a bar jariri ya sha dakashi a awar farko, kada a matse a zubar.

Tambaya: Ina so in kasance da matata a ɗakin haihuwa, amma wancan karon an hana ni shiga. Hakkina ne ko kuwa? Daga wani magidanci a Kakuri.

Amsa: Malam, niyyarka mai kyau ce. Matsalar yawanci ta gini ce: a asibitocin gwamnati da dama mata uku ko huɗu ke naƙuda a ɗaki ɗaya, labule kawai ke tsakani, kuma suturar matan wasu hakki ce a kan ma'aikata. Ka tambayi tsarin asibitin tun lokacin awo, kada ka bari sai ranar. Wasu wurare na barin mace ɗaya daga dangi ta shiga. Sannan ka tambayi ita maiɗakin naka, don zaɓin nata ne. Wata ta fi sakewa da yayarta.

Ko kana waje aikinka da yawa. Ka san rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu da za su iya bayarwa. Ka riƙe lambar mai mota ko mai Keke da zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare. Ka bar mata izini tun yanzu, a gaban mutanen gida, cewa ko ba ka nan a kai ta asibiti. In likita ya ce sai tiyata, ka sa hannu da wuri, ban da zagayen neman shawarar dangi. Idan ƙaramin asibitin unguwa ya tura ku gaba, zuwa asibitin Gwamna Awan nan Kakuri, ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko, ku wuce kai tsaye, kada ku biya gida.

Tambaya: Na haihu sati uku. Ina gidanmu ana yi mini wankan jego safe da yamma, ina shan kunun kanwa. Ƙafafuna sun kumbura, kuma in na kwanta numfashina na sama-sama sai na tashi zaune. Innata ta ce sanyi ne bai fita ba. Daga wata mai jego a Kawo.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je asibiti yau, kada ki jira gobe. Kumburin ƙafa tare da kasa numfashi a kwance bayan haihuwa alamar gazawar zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ciwon sananne ne a yankinmu. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da zafin wanka, kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga wasu dalilai kamar hawan jinin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Ko ma mene ne asalinsa, kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta buƙatar ƙarin kaya. Ki dakatar da kunun kanwa da tafasasshen ruwa har a duba ki. Za a auna jininki, a yi hoton zuciya, kuma mata da yawa na samun sauƙi sosai in an fara magani da wuri.

Ina so in yi magana da Inna ma. Zaman jego a gida abu ne mai daraja: a ɗauke wa mace girki da wanki kwana 40, a ciyar da ita, a riƙe mata jariri ta yi barci. A ƙasashen Turawa kuɗi ake biya a samu wannan. A ci gaba da shi, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a ba ta kunun gyaɗa, farfesu, wake, ƙwai da ganye. Amma mai kula da mai jego ita ce idon likita a gida. Jini mai jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, duk na asibiti ne nan take. Jariri kuma in ya ƙi nono, ya yi zafi ko sanyi, idonsa ya yi rawaya, ko numfashinsa ya yi sauri, haka nan. Ko lafiya lau ake, ana son a duba uwa da ɗa sau 4: a rana ta farko, a kwana na 3, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da sati na 6.

Tambaya: Ƙanwata tun bayan suna take kuka ba dalili, ba ta barci, ta ce ita ba uwa ta gari ba ce. Yanzu wata biyu ke nan. A gida an ce iska ce. Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

Amsa: Kukan kwanakin farko yana samun mata da yawa kuma yakan wuce cikin sati biyu. Wanda ya kai wata biyu, da rashin barci da zargin kai, ya fi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa na fama da irin wannan bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, ba kuma butulci ba ne. A yi mata addu'a, a kuma kai ta ga likita. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ke ce mai rakiyarta yanzu. Ki zauna da ita ki saurara, ban da “ki gode wa Allah, wasu nema suke”, don wannan ƙara mata nauyi yake. Ki karɓi jaririn ta samu barcin awa huɗu ko biyar a jere. Ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin cutar da kanta ko jaririn. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ta ce e, ko ta fara jin muryoyi, ko maganarta ta rikice, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, a kai ta asibiti a ranar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na duba irin wannan, kuma akwai magungunan da mai shayarwa za ta sha ba tare da ta yaye ba. Ki raka ta da kanki, ki tafi da katin awonta da duk maganin da take sha.