Rana da ruwa ne ke cinye maka riba, ba ƙanƙantar shago ba

Wani bawan Allah mai saida gadaje da kujeru a Kano ya turo min tambaya, ya ce kayansa na lalacewa tun kafin a saya, yadin kujera ya koɗe, ƙasan wadirof ya kumbura, dole sai ya karya farashi. Wai ko ya ci bashin banki ya kama babban shago?

Malam, ni dai gaskiya ban goyi bayan bashin nan ba yanzu. Kuɗin ruwa ba ya jiran ciniki, kai kuma sana'arka ta lokaci ce, ana rububin kayan ɗaki gab da azumi da bayan sallah saboda bukukuwa, daga nan kasuwa ta yi sanyi, to da me za ka dinga biya a tsakani?

Na san yadda kuke yi, kullum da safe yara su fito da saiti biyar shida bakin titi, rana ta dake su har la'asar, ƙura ta shige yadin, da yamma a ja su a ƙasa a mayar ciki ƙafa na gurjewa. Saiti ɗaya ya isa talla wallahi, shi ma a ƙarƙashin rumfa, kana canja shi duk sati. Sauran ka ɗauke su a waya ka nuna wa mai saye.

Shi MDF, wato allon da ake yin wadirof da gado da shi, garin katako ne aka matse da gam, da ya sha ruwa ya kumbura shikenan, ko ya bushe ba ya komawa. Don haka kar ya taɓa siminti da damina, a ɗora shi kan falanki ko bulo, a ɗan janye shi daga bango, nan ne ma gara ke bi. Katako na gaske kuma hunturu ne matsalarsa, in kafinta ya yi maka aiki da ɗanye sai iska ta busa ka ga ya tsage haɗin ya saki. Ka dage sai busasshe, a shafa maganin gara irin Solignum kafin fenti. Ledar da kuke naɗe kujera da ita ma tana riƙe danshi, har ka ji soso na warin ruma, yadin atamfa tsoho ya fi.

Kuɗin duk wannan ka sa shi cikin farashi tun farko, a ce dubu biyar a kowane saiti, ka ware shi daban kar ya shiga cefane. In ka kai kaya ɗakin amarya ka faɗa wa danginta kar a kwarara ruwa ƙarƙashin gado wajen wanke ɗaki, don in ya kumbura kai za a zo yi wa rigima. Ka gwada haka damina ɗaya, ka rubuta saiti nawa ka karyar, sai mu sake maganar shagon.