Murhun gwangwani ko ƙaramar tukunyar gas: wanne zan saro?

Wani ɗan kasuwa daga Agege ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago ina sayar da tukwane, kuloli da sauran kayan kicin. Kwanan nan mata suna yawan tambayata ƙaramin murhun gas ɗin nan da suke gani a TikTok, wanda yake zuwa a 'yar akwatin roba, ana saka masa gwangwanin gas, a ɗora faffaɗan kasko ana gasa nama ko soya ƙwai. Wani dila a kasuwar Trade Fair ya ce zai ba ni katan-katan da sauƙi, har da kaskon. Na ware naira dubu 600. In zuba su a kansa, ko in saro ƙananan tukwanen gas masu kai a sama da aka saba? Ina kuma son in kai wa iyalina guda, mu bakwai ne a gida."

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa nema albarka.

Kada ka zuba dubu ɗari shidan nan a murhun gwangwani. Ka ɗauki kaɗan don masu nemansa da gaske, amma jarinka ya tafi kan tukwanen gas da ake iya cikawa a unguwa. Matan da ke tambayar ka ba wasa suke yi ba, bukatar tana nan. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka, risho ya koma ƙarƙashin gado a gidaje da yawa, gawayi kuma a gidan haya na Legas, inda ɗakuna ke fuskantar juna, hayaƙinsa kaɗai ya isa ya haɗa mace faɗa da makwabta. Kowa gas yake nema. Sai dai abin da suka gani a waya an yi shi ne don mutum biyu ko uku da suka fita shan iska, su dafa shayi su soya ƙwai su naɗe kayansu. Ba a yi shi don tukunyar gidan mutum bakwai ba.

Yi wannan lissafin da kanka kafin ka koma wurin dilan. Gwangwanin da ake saka wa murhun nan gram 220 ne ko ɗan sama da haka. Kenan kafin ka tara kilo ɗaya na gas sai ka sayi gwangwani huɗu da rabi. Tambayi dilan nawa yake ba da gwangwani ɗaya, ka ninka sau huɗu da rabi, sannan ka taka gidan gas mafi kusa da kai ka tambayi kuɗin kilo. Za ka ga ratar ninki-ninki ce. Kuma gwangwani ɗaya in an buɗe wuta sosai da ƙyar yake kai awa ɗaya da rabi. Wake bai gama nuna ba gas ya ƙare, balle ganda ko ƙafar saniya. Tukunya mai kilo 3 kuwa, a kan irin wannan wutar, takan yi wajen awa ashirin, mai kilo 6 ta ninka haka. In ta ƙare yaro ya ɗauka ya je a zuba masa ko na kilo ɗaya ne, gwargwadon abin da ke hannu a ranar. Wannan sauƙin na zuba kaɗan-kaɗan shi ya sa ƙaramar tukunya ta samu karɓuwa a Agege, Idi-Araba da Mile 12, wanda kuma gwangwani ba shi da shi.

Dilan bai yi maka ƙarya ba da ya ce zai ba ka da sauƙi. Ribarsa tana cikin gwangwanin da za a yi ta dawowa saye. Lamarin kamar a ba mutum doki da araha ne, alhali dawar da zai ci wurin mai dokin kaɗai ake samunta. Matar da ta saya a wurinka za ta yi murna mako ɗaya, sannan ta gane kuɗin gwangwani ya fi kuɗin cefane, ta ajiye murhun a saman kwaba. Daga ranar nan duk wadda ta tambaye ta sai ta ce kai ka sayar mata. A sana'ar kayan kicin kuwa mata su ke yi wa shago talla, su ke kuma kashe shi.

Abin da ya fi damuna ma kaskon ne da ya ce zai haɗa maka. A wannan murhu gwangwanin yana kwance ne a wani ɗan ɗaki a gefen wuta, tazarar bai fi tafin hannu ba. In aka ɗora kasko mai faɗi har ya rufe saman ɗakin nan, zafin da ke dukan ƙasan kaskon sai ya dawo kan gwangwanin. Gas ɗin ciki ya yi ta kumbura, in makarin da aka yi don fitar da gwangwanin bai yi aiki ba, fashewa zai yi. A 2015 hukumomi a Ostareliya sun dakatar da sayar da nau'o'i da dama na irin wannan murhu saboda wannan makarin yana gazawa. Don haka ka sa dilan ya ɗora kaskon a kan murhun a gabanka. In bakinsa ya leƙa kan murfin gwangwani ko da ɗan yatsa ne, kada ka sayar da su a haɗe, komai kyan da suka yi a hoto. Ka tuna kuma shagonka rufin kwano ne ko kwantena. A jikin gwangwanin an rubuta kada a ajiye shi a rana ko wuri mai zafi. Katan goma na gwangwani a ƙarƙashin kwano da rana tsaka a watan Maris ba abin da zan so wa kowa ba ne.

To su wa murhun gwangwani ya dace da su? Matafiyi, ɗalibi mai dafa indomi, direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, iyalin da za su je bakin teku ranar yawon Sallah. Ga waɗannan ka ajiye 'yan ƙwarori. In ka samu nau'in da ke karɓar gwangwani kuma yana da bakin da ake jona tiyo zuwa babbar tukunya, shi za ka fifita, don ko gwangwani ya yi wuya murhun bai mutu ba. Direba kuma ka gaya masa kada ya kunna a cikin mota da gilashi a rufe, haka mai ɗaki ɗaya kada ta rufe ƙofa da taga tana girki. Wutar gas in ba ta samun iska tana fitar da guba marar wari mai kashe mutum yana barci.

Yanzu ga tukwanen gas ɗin da za ka saro. A nan ma araha ba ta ado. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da gwaji duk bayan shekara 5. Shekarar da aka ƙera ta tana buge a ƙarfen da ke kewaye da bakinta ko a gindinta, tare da nauyinta in babu gas a ciki, wanda ake rubutawa da haruffan TW. Duba da idonka. In an shafe wurin da fenti mai kauri, ko ka ga alamar an goge da injin, ajiye ta. Juya ta ka kalli gindin, nan tsatsa take fara ci, nan kuma masu sabunta tsohuwar tukunya suke ɓoyewa da fenti. Wadda aka ƙera a gida ka nemi tambarin MANCAP, ta waje kuma ka tambayi dila takardar SONCAP, dukansu shaidar inganci ne daga hukumar SON. Ana ƙera su a nan Legas ma, kamfanin Techno Oil ya buɗe masana'antarsa a Ajah tun 2019, saboda haka ba dole ne ka dogara da na kwantena ba. Ka tafi da ɗan sikelinka na rataye. Tukunyar da ta fi abin da aka rubuta a jikinta rashin nauyi, an yi rowar ƙarfe a wurin ƙera ta.

Kan da ke kama wuta da robar baki su ne suka fi lalacewa, su ne kuma za su riƙa dawo maka da mai saye. Tukunya sau ɗaya ake saye a shekaru, amma kai yana toshewa, roba tana tsagewa, ƙarfen zaman tukunya yana lanƙwashewa. Ribar kowanne kaɗan ce amma suna juyawa da sauri, ba sa cin wuri a shago. Ka samu tukunya guda mai gas ka ajiye a waje inda iska ke kaɗawa, duk kan da za ka sayar ka ɗaura shi a gaban mai saye, ka shafa ruwan omo a mahaɗar. In kumfa ta taso yana yoyo. Wuta kuma shuɗiya ake so. In tana ja tana baƙanta gindin tukunya, kan ba shi da kyau. Minti biyu ne wannan gwajin, amma mace ba ta manta shagon da aka yi mata shi.

Za a zo a ba ka shawarar ka sayi babbar tukunya ka riƙa ɗura wa mutane a shago, wai nan kuɗin yake. Kada ka fara. Sayar da gas sana'a ce mai lasisi daga hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur da gas, kuma gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya bi kwata har ya tarar da wutar mai ƙosai. Wanda ke Legas a watan Oktoban 2020 bai manta da gobarar gidan gas ta Baruwa a Ipaja ba. Kai dai sayar da tukunya babu komai a ciki, ka nuna musu gidan gas.

Maganar kasko da tanda kuwa, kauri za ka duba kafin kyau. Kan gas ƙarami da'irar wutarsa ƙarama ce, tsakiya kaɗai take duka. Kasko marar kauri sai tsakiyarsa ta ƙone gefe bai yi zafi ba, bayan wata biyu ya bankare. Tandar waina mai gurbi bakwai, zagayayya, ita ta dace da ƙaramin kan gas ɗaya. Mai gurbi goma sha biyu ko fiye sai an samu faffaɗan kai irin na masu abincin sayarwa, in ba haka ba wainar tsakiya ta yi baƙi ta gefe tana ɗanya, a dawo maka da tanda a ce ba ta da kyau alhali wutar ce ba ta kai ba. Na baƙin ƙarfe yana riƙe zafi, yana daɗewa, gurasa da tsire suna kyau a kansa, amma yana da nauyi kuma damshin Legas yana sa shi tsatsa tun yana shago, sai ka shafe shi da ɗan man gyaɗa ka naɗe a leda. Na alminiyam mai kauri ya fi saurin fita saboda sauƙin kuɗi da na ɗauka. Wanda aka shafa wa baƙin maganin hana kamu shi ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma na fi tsoro: shafin yana lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, abin da kasko babu komai a kai yake kaiwa cikin 'yan mintoci, kuma cokalin ƙarfe da soson ƙarfe suna kankare shi. In ka sayar, haɗa mata da cokalin katako ka gaya mata dalili.

Da ni ne, wajen dubu 300 zan sa a tukwanen gas, masu kilo 6 su fi yawa. Dubu 100 a kawuna, robobi, tiyo, regileta mai daidaita fitowar gas da ƙarfen zama. Dubu 70 a tanda da kasko, in ƙara yawansu idan azumi ya gabato. Murhun gwangwani da gwangwanayensa kada su wuce dubu 50. Sauran dubu 80 su zauna a hannu, don abin da ya fara ƙarewa ka sake sarowa ba tare da cin bashin dila ba. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata daraja a 2023 farashin kayan ƙarfe yake bin dala, saboda haka kafin ka yanka wa kaya kuɗi ka kira dila ka ji nawa za ka sake sayensa yau, a kan wannan za ka ɗora ribarka. Rasit kuma ka sa ya rubuta a jiki cewa wanda ya yi yoyo za a canja.

Na gida kuwa, mutum bakwai girkinsu ya wuce ƙaramar tukunya mai kai a sama. Tana da tsayi, gindinta ƙarami ne, tuƙin tuwo a kanta sai wani ya riƙe, ga yara suna kai-kawo. Faffaɗan kasko ma in ya daɗe a kanta yana mayar da zafi kan bakin tukunyar da robarsa. Ka sai wa uwargida mai kilo 12.5 da regileta da tiyo mai kyau da murhu mai kai biyu, tukunyar ta zauna gefe nesa da wuta. In kuɗin bai kai ba yanzu, ɗauki mai kilo 6 daga kayan shagon, ka haɗa da faffaɗan ƙarfen zama mai ƙafafu da ke tsayawa a ƙasa, nauyin tukunyar tuwo ya sauka a kansa. Ka rubuta kuɗinta a littafin shago ka biya daga aljihunka.