Yadda ake raba babban fayil na FLAC zuwa waƙa-waƙa

Ɗan'uwa, ka ce ka samu album ɗin gaba ɗaya a fayil guda na FLAC (tsarin ajiye sauti da ba ya rage inganci), kana so ka raba shi ba tare da ingancin sautin ya ragu ba. Abin da za ka fara nema shi ne ɗan ƙaramin fayil mai ƙarshen .cue, wanda yawanci yake tare da babban. A ciki aka rubuta sunan kowace waƙa da inda ta fara, da minti da daƙiƙa da ɗan gutsure, domin a faifan CD ana raba daƙiƙa ɗaya gida 75.

In kana Windows, ka buɗe .cue ɗin da manhajar foobar2000 ko CUETools, ka zaɓi duk waƙoƙin, ka sa a fitar da su a FLAC. Masu Mac suna da XLD, masu Linux kuma shnsplit. Daga FLAC zuwa FLAC ko WAV babu abin da ke salwanta. MP3 kuwa yakan zubar da wani ɓangaren sautin har abada, don haka ni dai ba na goge asalin.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne layin FILE a cikin .cue, wato layin da ke ɗauke da sunan babban fayil ɗin. Sau da yawa yana cewa album.wav alhali naka album.flac ne, sai manhajar ta ce ba ta ga komai ba. Ka buɗe shi da Notepad ka gyara sunan, shike nan.

Idan babu .cue ko kaɗan, sai dai Audacity, manhajar gyaran sauti: ka bi wuraren shiru, ka sa alama da hannu, ka fitar da kowane yanki daban. Yana cin lokaci.