Tambaya da Amsa: Keɓewa daga abin duniya tana tsare 'ya'yanmu ne ko tana korarsu?

TAMBAYA: Salama a gare ku. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, na kuwa tashi a gidan dattijon ikkilisiya wanda ya hana mu kallon fim, da zuwa wasannin gargajiya, da sa 'yan kunne, har da zancen siyasa, domin a wurinsa duk waɗannan abin duniya ne. Ni dai na tsaya cikin bangaskiya, amma ƙannena maza biyu, tun da suka tafi jami'a, ba su sake taka ƙofar majami'a ba. Yanzu babban ɗana ya kai shekara 15, maigidana yana so ya saya masa waya, ni kuma gabana yana faɗuwa. In bi hanyar Baba ne, ko in sassauta?
Wata uwa, daga Kafanchan

AMSA: 'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da iyalinki. Kafin komai, ina roƙonki kada ki ɗora wa Baba laifin abin da ya sami ƙannenki baki ɗaya, gama kiran keɓewa ba shi ya ƙago shi ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa a sura 12 kada su biye wa zamanin nan, Yohanna kuma a wasiƙarsa ta fari ya hana mu ƙaunar duniya da abin da ke cikinta. Abin da ya kamata mu bincika shi ne irin keɓewar da ke iya ratsa zuriya har ta kai ga jikoki.

A nan labarin Rekabawa, wanda ke Irmiya sura 35, yana da abin koya mana ƙwarai. Kakansu Yonadab ɗan Rekab, wanda ya yi zamani da sarki Yehu, ya umarci zuriyarsa kada su sha ruwan inabi, kada su gina gida, kada su yi shuka, su zauna a alfarwa. Fiye da shekara 200 bayan haka, a kwanakin sarki Yehoyakim, annabi Irmiya ya shigar da su Haikali, ya ajiye musu kwanuka cike da ruwan inabi, suka ƙi sha, suka kuma faɗi dalilinsu da sunan wanda ya umarce su. Ki lura da wannan, domin yaron da ya san asalin abin da yake riƙe da shi ba ya jin kunyarsa a gaban baƙi. Ki kuma lura cewa lokacin da rundunar Nebukadnezzar ta mamaye ƙasar, sun bar karkara sun shiga Urushalima, wato wurin zamansu ya sauya amma amincinsu bai sauya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Allah ya yaba wa biyayyarsu, amma bai umarci mutanen Yahuza su koma alfarwa ba. Wannan annabin dai, a sura 29, shi ne ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin. Ashe ke nan dokar gida daban, umarnin Allah daban, kuma yawancin ɓarnar da nake gani a gidajen masu bi tana farawa ne a ranar da iyaye suka gwama biyun. Yaron da aka gaya masa cewa 'yan kunne da sata nauyinsu ɗaya ne a gaban Allah, in ya je jami'a ya ga masu tsoron Allah na gaske sanye da 'yan kunne, yakan zubar da koyarwar duka, har da wadda take gaskiya.

A Amurka akwai jama'ar Amish, wasu Kirista masu keɓe kansu daga abin zamani, waɗanda suka samo asali daga Turai a shekarar 1693, har yau kuma da keken doki suke tafiya. A 1972 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince musu su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas. Mafi yawan 'ya'yansu suna zama cikin jama'ar, har yawansu yana ninkawa kusan kowace shekara 20. Sai dai ba hani kaɗai suke ba yaro ba, suna ba shi gona ko sana'a, da harshe nasu, da maƙwabtan da za su taru su gina masa rumbu. Duk da haka wanda ya fita daga cikinsu yakan fita da ƙarancin ilimi, in kuma ya riga ya yi baftisma, 'yan'uwansa sukan ƙaurace masa. Mu da muke haya a tsakiyar gari ba mu da irin wannan ganuwa, ban kuma ga inda aka umarce mu mu gina ta ba, tun da Ubangiji Yesu a Yohanna 17 ya roƙi Uba ya tsare almajiransa daga Mugun, bai roƙa a ɗauke su daga duniya ba.

A gida ma mun ɗanɗana sakamakon hanyoyin biyu. Dattawanmu da yawa sun tashi da koyarwar cewa siyasa ƙazanta ce, ilimin da ya wuce na karanta Littafi Mai Tsarki kuma girman kai yake kawowa, jikokinsu kuwa suka tarar da kansu a baya wajen makarantu da kujerun shawara. Amma makarantar mishan ta Wusasa, kusa da Zariya, ta ba yara bangaskiya da boko tare, daga cikinta kuma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ba ina cewa ki saki linzami ba ne. Littafin Mahukunta sura 2 ya nuna yadda tsara guda kawai bayan Joshuwa ta taso ba ta san Ubangiji ba, abin da iyaye suka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa 'ya'ya ba sa ɗaukarsa ko kaɗan. Amma abin duniyar da ya fi cin gidajenmu yau shi ne son kuɗi, da cin hanci, da biya wa yaro kuɗin satar jarrabawa, da gasar kayan biki, kuma yara suna ganin duk wannan ko da babu talabijin a falo.

Game da wayar, ki zauna da maigidanki ku daidaita bakinku kafin ku kira yaron, domin in ya ga kanku a rabe, ta tsakaninku zai bi. In kun saya masa, ku sa sharuɗɗa kaɗan masu dalili: kada ta kwana a ɗakinsa, a ajiye ta lokacin addu'ar iyali da cin abinci, ku ma ku ajiye naku, ku kuma gaya masa a fili wanne ne umarnin Allah, wanne ne tsarin gidanku da zai sassauta yayin da yake girma. Ƙannenki kuwa, kada ki daina kiransu da ziyartarsu. Ki tambaye su abin da ya raba su da ikkilisiya, ki saurare su har su gama ba tare da kin yi musu wa'azi ba, sa'an nan ki kai abin da kika ji gaban Ubangiji cikin addu'a.