Begila, Faretin Gadi da Sintiri: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu da ke zaune kusa da barikin horar da kurata na Zariya ya rubuto yana cewa kullum yana jin busa kafin sojoji su jeru domin karɓar gadi. Yana tambaya ko "begila" Hausa ce, kuma ko daidai ne a kira wannan busa kakaki.

Begila ararriya ce daga Turanci, kuma ta bariki ta shigo mana. A 1863 Laftanan John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugard alhakin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta daɗe tana amfani da Hausa a matsayin harshen hulɗa tsakanin hafsoshi da askarawa. Ta wannan ƙofa muka samu fareti, gadi, gadirum (ɗakin masu gadi), kofur, saje, samanja da kurtu. A ganina, sunan mai busar ne kunnen Bahaushe ya kama ya laƙaba wa abin busar, domin wasalin "a" na ƙarshen kalmar irin wanda ke cikin direba, kafinta da hafsa ne, waɗanda duka sunayen masu aiki ne. Shi ya sa yau sai mun ƙara "mai" mu ce mai begila.

Kiran ta kakaki kuwa kuskure ne, ko da yake dukansu na ƙarfe ne kuma da baki ake busa su. Kakaki kayan sarauta ne, wanda tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma aikinsa kirari da sanar da fitowar sarki. Begila ba ta yabon kowa, oda take bayarwa, kuma kowace oda da irin sautinta: na tashi daga barci daban, na cin abinci daban, na sauke tuta da yamma daban. Idan aka busa na gadi, waɗanda aka rubuta sunansu a ranar sai su fito su yi sahu, samanja ko hafsan da ke bakin aiki ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba takalmi, kaki, bel da bindiga, sannan su yi maci zuwa gadirum su fuskanci waɗanda za su sauka, a miƙa musu makullai da umarnin wurin da duk wanda ke tsare. Wannan shi ne faretin gadi. Tsofaffin sojoji kan ja kunnen kurtu da karin maganar nan, "ba a fafe gora ranar tafiya", domin wanda ya jira busa kafin ya goge takalminsa ya riga ya makara.

Wata mai karatu daga Kaduna ta tambayi dalilin da ya sa ake cewa mutum "yana ta sintiri" alhali shi ba soja ba ne. Asalin kalmar sunan sojan da aka tsayar a ƙofa ne domin tsaro. Da yake ba ya tsayuwa wuri guda, yakan taka zuwa can ya juyo har lokacinsa ya cika a canje shi, sai mutanen gari suka ɗauki tafiyar suka bar mutumin. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, har muka samu 'yan sintiri na unguwa da motar sintiri ta 'yan sanda, muka kuma samu sintirin mai bin bashi a ƙofar wanda yake bi, ko na ɗan fansho tsakanin ofis da ofis, wanda a nan kalmar ta ɗauki ma'anar wahala da rashin biyan buƙata.