Rauta mai eriya takwas da lissafin ɗan yaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shadda da atamfa a kasuwar Wunti a nan Bauchi, gidana kuma yana Yelwa. Uwargida ce ke ɗaukar kaya a bidiyo tana ɗorawa a WhatsApp da TikTok, ta nan muke samun masu saye har daga Gombe da Azare. Kuɗin data ya ishe ni, a wata yana kai ni wajen naira dubu 50. Yanzu wani kamfani ya ja wayar intanet ta faiba ta layinmu, sun ce megabit 100 naira dubu 35 a wata. Ɗan yayata da ke sayar da kayan waya ya ce zai kawo mini rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, mai eriya takwas daga Legas a kan naira dubu 280. Ya ce za ta ninka gudun intanet ɗin, kuma za ta kai har gidan ɗalibai da ke bayanmu. In muka samu mutum 40 kowa na biyan dubu 3, dubu 120 ke nan a wata, kafin wata uku na mayar da kuɗina. Shi zai kula da komai. Daga jarin shago zan cire. Shin wannan rautar ce ta fi, ko akwai wadda ta fi ta?

Daga wani ɗan kasuwa, Wunti, Bauchi.

Wa alaikumus salam Alhaji. Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman inda ka ce ka tambayi mutum na biyu, ban gani ba. Mutum ɗaya ne ya ce kana bukatar rauta. Shi ya zaɓe ta, shi ya yanka mata kuɗi, shi zai sayo, shi zai haɗa, shi ya yi lissafin riba, shi zai riƙe makulli. Naka kawai ka zura hannu a jari. Wannan ne ciwon wasiƙar, zancen wace rauta ta fi wace kuma ƙaramin abu ne.

Abin ya ba ni mamaki daga ɗan Wunti. In dillali ya shigo shagonka da shadda ya ce Getzner ce, ba ka ƙirga masa kuɗi don ya rantse. Sai ka warware ta, ka murza bakinta, ka ɗaga ta a haske, ka leƙa shagon maƙwabci ka ji nawa ya saro tasa. To me ya sa da aka zo kan akwati mai fitilu ka yarda da cinikin biri a sama? Ban ce yaron nan macuci ne ba, ban san shi ba. Wataƙila shi ma abin da ya gani a bidiyo yake maimaita maka. Amma mai sayarwa mai sayarwa ne ko da cikinku ɗaya da uwarsa. Kuma ka duba ranar da akwatin zai lalace: baƙo sai ka mayar masa da kayansa da rasit a hannu, shi kuwa wa za ka kai wa ƙara? Yayarka? Shiru za ka yi ka haɗiye dubu 280, kuna haɗuwa a suna da biki kana yaƙe.

Bari mu auna maganarsa ɗaya bayan ɗaya, tunda kai ba ka auna ba.

Ya ce za ta ninka gudu. Babu rautar da ke ninka abin da ba ka biya ba. Megabit 100 kamfani ya sakar maka, 100 ɗin ne zai shigo gidan ko ka jera eriya ashirin. Rauta rabawa kawai take yi, kamar famfo a bakin tanki. Abin da take iyawa shi ne ta rage maka in ba ta da kyau. Manyan lambobin nan da ake bugawa a kwali, AC1200 ko AX6000, jimla ce ta tashoshin na'urar aka tara wuri ɗaya, babu wayar da za ta taɓa ganin wannan gudun. Ka kuma sani kamfani da megabit yake lissafi, wayarka kuwa in tana sauke abu sau da yawa megabait take nunawa, kuma takwas ɗin wancan ne ɗayan wannan. In ka ga 12 da ɗoriya a fuskar waya kada ka ce an cuce ka, 100 ɗinka ce cif.

Ya ce za ta kai gidan ɗalibai. Ko da muryar rautar ta tsallaka katanga, wayar ɗalibin ma sai ta mayar da amsa, ita kuwa eriyarta ba ta kai farcen yatsa ba. Kamar ka kira mutum da lasifikar masallaci ne, shi ya amsa maka da bakinsa daga ƙarshen unguwa. Bulo da kankare da kwano su ke cinye Wi-Fi. A tashoshin Wi-Fi, ta 5 GHz ta fi gudu amma bango biyu ya ishe ta, ta 2.4 ta fi nisa amma ta fi cunkoso da sanyin jiki.

Abin da bai faɗa maka ba ya fi waɗannan duka muhimmanci. Wayar faiba zaren gilashi ce, ba ta shiga rautar kasuwa kai tsaye. Sai ta fara shiga akwatin kamfani, wanda ke mayar da haske ya zama intanet, kuma da yawa daga akwatunan nan da Wi-Fi ɗinsu suke zuwa. Ma'ana, mai yiwuwa a cikin kuɗin haɗawa an riga an ba ka rauta, kana shirin sayen ta biyu tun ba ka ga ta farko ba. Ka tambayi kamfanin? Ba ka tambaya ba, ɗan yaya ka tambaya.

Na tuna wani mai sayar da takalma a Gombe, wajen Tudun Wada. Ƙanin matarsa ya kawo masa rauta sabuwa fil, eriya tsaye kamar ƙahon barewa. Ya biya kuɗin megabit 200, wata shida yana zagin kamfani a waya don gwaji ba ya wuce 94. Da na je gidan ban ma kunna komai ba, na juya kwalin na nuna masa inda aka rubuta 10/100. Kafar da wayar intanet ke shiga ce ba ta ɗaukar fiye da 100. Wata shida yana biyan rabin kuɗin a banza, kuma da ya gane bai iya cewa uffan ba, don surukuta ta shiga tsakani. Rautar tana nan a kan firij ɗinsu, yara na rataya mata carbi.

Yanzu ga dubu 120 ɗin nan. Wannan shi ake kira lissafin dokin rano, kuma na gaji da jin irinsa. Ɗalibai 40 a ina? Ka ƙirga su, ko shi ya ƙirga maka? Ɗalibi ɗaya zai biya, kalmar sirri ta zaga ɗakuna goma kafin la'asar. Hana wannan sai da na'ura mai fitar da tikiti irin MikroTik, da wata da ake kafawa a waje, da waya, da wutar da ba ta yankewa, da mutumin da zai tashi ƙarfe ɗaya na dare in an buga ƙofa an ce ba sabis. Babu ko ɗaya a cikin dubu 280 ɗin. In an tafi hutu ko malamai suka shiga yajin aiki, Yelwa ka san yadda take komawa, amma kuɗin wata ba ya tafiya hutu. A ce ma sun cika 40 ɗin: kallon bidiyo mai kyau yana cin kusan megabit 5, kai kana da 100, ka raba wa ɗalibai da mutanen gidanka bayan isha'i ka ga abin da zai rage. Uwargida, wadda ita ce ke kawo kuɗin gaske, za ta zauna tana kallon bidiyon leshi ya maƙale a rabi. Ka kashe kasuwar da ke ci don wadda ba a haifa ba. Sannan layin gida na gida ne. Ka karanta takardar yarjejeniya, kamfanoni kan hana sayar da shi ga wasu, kuma sayar da intanet ga jama'a harka ce da hukumar sadarwa ta NCC ke ba wa lasisi. In wata rana kana son yin ta, ka yi ta a matsayin sana'a da littafinta da jarinta. Ba da kuɗin shadda ba.

Wani abu kuma da na lura: dubu 50 ɗin data da ka ce, "wajen" ka ce. Nawa ne na gida, nawa ne na shago, nawa ne na wayoyin yara? Faiba ba za ta bi ka Wunti ba. Kana fita ƙofar gida ka koma kan layin wayarka. In dubu 20 daga ciki a kasuwa kake ƙona su, to sabon lissafinka 35 da 20 ne, ka ga ka haura inda kake. Wannan bai hana ka ja faibar ba, ni ma da ni ne zan ja, don ɗora bidiyo a kanta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ka ja ta da ido buɗe. Ka kuma tambaye su gudun ɗorawa nawa ne, ba na saukewa kaɗai ba, tunda aikin uwargida ɗorawa ne, kuma ba kowane kamfani ke ba da su daidai ba.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka bari su haɗa, kada ka sayi komai. Ranar haɗawa ka tsaya a kansu, don masu aikin inda ya fi musu sauƙi suke maƙala akwati, yawanci jikin tagar da ta fi kusa da titi. Ka ce a kai shi tsakiyar gida, a sama, a sarari. Ni kaina na taɓa kulle tawa a cikin durowar ƙarfe don tsoron yara, na yi mako ina zargin kamfani, ashe ni na ɗaure ta. Zafin Maris da Afrilu ma ba ya ƙaunar akwati a rufe. Siririyar wayar nan kuma a kiyaye ta daga lanƙwasa da ƙafar kujera, in ta karye ba a ɗaure ta da salatif, sai an kira masu injin haɗa ta.

Ka yi mako biyu da akwatinsu. Ka buɗe fast.com ko Speedtest, masu auna gudun intanet, ka gwada a gabansa, ka gwada a ɗakin uwargida, ka gwada a zaure, da rana da kuma bayan isha'i, ka rubuta a takarda. In ko'ina lafiya, magana ta ƙare, kuɗinka na aljihunka. In kusa da akwati ma gudun bai kai ba alhali in an jona da kebul yana kaiwa, to nan ne kake bukatar rauta, kuma abu biyu za ka duba a kwali: kafofinta su zama Gigabit, wato 1000, kuma ta zama mai tasha biyu, 2.4 da 5. Wadda aka rubuta AC1200 mai kafar Gigabit ta ishi megabit 100 har da canji. In ka samu mai Wi-Fi 6 da kuɗi kaɗan a sama ka ɗauka, tun 2019 ake yin su, ba sabon abu ba ne da za a tsuga maka kuɗi a kansa. TP-Link da Tenda duk suna da irin waɗannan. Ka shiga shago uku ka ji farashi da kunnenka, sannan ka ajiye shi kusa da dubu 280.

In kuwa matsalar ɗaki ɗaya ne mai nisa, wanda shi na fi zato a gidajenmu masu sassa, babbar rauta ba ta magance shi. Waya ake ja, Cat6, tana kai mita 100 ba ta rage komai, a sa ƙaramar rauta ta biyu a can. 'Yan na'urorin nan da ake sokawa a soket su maimaita Wi-Fi ka bar su, kusan rabin gudun suke ci.

Inda kuɗi ya cancanci zuwa shi ne wuta. Akwatin kamfani da rauta ba su da batir, ana ɗauke wuta sun mutu, ko da faibar na nan da ranta. Yawancinsu volt 12 ne, su biyun ba sa wuce cin ƙwan fitila biyu, don haka ƙaramin akwatin batir irin na rauta yana riƙe su sa'o'i. Ka duba lambar da ke jikin cajarsu kafin ka saya, akwai masu 9. In kana da sola ka ɗora su a kai. Layin wayar uwargida kuma kada ya mutu, masu haƙa kwata da gyaran titi sun saba datse faiba, oda kuma ba ta jira.

Sai mu koma kan yaron, don can maganar take. "Shi zai kula da komai" ce jimlar da ta fi tayar mini da hankali. Na san wani gida a nan Bauchi da ƙanin maigida ya yi rajistar layi da sunansa da lambar wayarsa, don wai yaya ba ya gane irin waɗannan abubuwa. Shekara guda maigidan na ba shi kuɗin wata a hannu. Da suka saɓa a kan wata magana ta gado, sai aka wayi gari kalmar sirri ta canja. Ya je ofishin kamfani da rawaninsa, aka duba kwamfuta aka ce ba su san shi ba. A nan ne ma ya ji ashe ƙaramin tsari ake biya, ragowar kuɗin na tsayawa a hanya, kuma shaguna huɗu na bakin layi duk a kansa suke hawa suna biyan ƙanin.

Don haka rajista da sunanka, da lambarka, rasit ya riƙa shigowa wayarka, biya kuma daga asusunka kai tsaye. Kalmar sirri iri biyu ce: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga cikin na'urar kanta, wadda ake bugawa a 'yar takarda a bayanta. Ta biyun ita ce makullin. A canja ta a gabanka, ka rubuta a littafin da kake rubuta bashi. Baƙi da abokan yara a buɗe musu tashar baƙi daban.

Ba na ce ka kori ɗan yayarka ba. In ya iya jan waya da saiti, ka kira shi ka ce nawa ne kuɗin aikinka, ku yi ciniki a fili kamar yadda za ka yi da mai wayarin, ka biya shi ka ƙara masa na mai. Sayen kaya dai kai za ka yi da ƙafarka, da rasit da garanti. In ya dage sai tasa, ka ce ya rubuto maka cikakken sunanta da lambarta ka nuna a shago biyu. Yadda zai karɓi wannan maganar zai gaya maka sauran.

In mako biyun sun cika, ka aiko mini da lambobin da ka rubuta na ɗakunan uku, da abin da ke rubuce a bayan akwatin kamfanin, da tsawon da ke tsakaninsa da ɗakin uwargida ko da taku ka auna.