Tauraron Ɗan'adam Ya Nuna Gonata Ta Yi Ja: In Zuba Taki?

Wani manomin masara daga Saminaka ya rubuto cewa ɗansa ya sa masa manhajar duba gona a waya, sai taswirar ta nuna gefen gabas ya yi ja, sauran kuwa kore shar. Yana tambaya ko ya ƙara wa wurin yuriya.

Alhaji, dakata da buhun tukuna. Yawancin waɗannan manhajoji daga taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suke samun hoto, kyauta, kusan duk kwana 5. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, ya mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Bambancin biyun ake lissafawa a fitar da ma'aunin da ake kira NDVI. Ƙasa tsirara takan ba da 0.1 zuwa 0.2, masarar da ta rufe kunya 0.6 zuwa 0.8. Jan da ka gani yana nufin ganye ya yi ƙaranci ko ya raunana a wurin, amma bai faɗi dalili ba.

Dalilan kuwa da yawa, kuma kowanne da maganinsa. Sai ka taka zuwa wurin. In ganyen ƙasa ne ya fara rawaya daga tsini, rawayar na bin jijiyar tsakiya, na sama kuma da sauran korensa, yunwar taki ce. Nan yuriya za ta yi aiki, musamman a mako na 4 zuwa na 6 bayan shuka. A tona gefen gindi a binne lokacin da ƙasa ke da danshi, domin wadda aka watsa a fili rabonta iska da ruwan sama. In kuma wurin kwari ne, ruwa na kwanciya kwana biyu bayan an ɗauke, saiwa ce ta kasa numfashi. Taki ba zai shiga ba sai an yanke wa ruwan hanya. In masarar ta tsumbure alhali ta sha taki, duba gindinta ko wuta-wuta ta fara ɓullowa, a tuge wuta-wutar kafin ta yi fure. Wani lokaci ma shukar ce kawai ba ta fito da kyau ba, giɓi ya yi yawa.

Sai tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016. Kafin ɓarnarta ta fito a hoton sama ta riga ta yi nisa, don haka kada a jira taswira. A ratsa gona a karkace, a tsaya wuri 5, a buɗe kan masara 10 a kowane wuri. In an samu sabon ci da kashin tsutsa mai kama da dusar katako a 10 cikin 50 tun masara na ƙarama, a yi feshi da yamma ko da sassafe, bakin famfo ya nufi cikin kan.

Abu ɗaya da ke yaudarar mutane: ciyawa ma kore ce. Gonar da ba a yi wa maimai ba takan fi ta maƙwabci kyau a waya.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi mai gonar gero da wake, rabin hekta, ta tambaya ko abin zai amfane ta.

Hajiya, kaɗan. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10 tsawo da 10 faɗi, wato gonarki ɗigo 50 ce, kuma na bakin iyaka sun haɗu da gonar maƙwabta ko hanya. Ga gero da wake a cakuɗe, ga inuwar darbejiya. (Gawo dai ba ya rikita lissafi sosai, tunda da damina yake zubar da ganye.) Gonar da za ki zagaye cikin minti 15, ƙafarki ta fi tauraro. Inda abin ke biya shi ne ƙungiyar manoma mai hekta 50 ko fiye, malamin gona ɗaya ya san gonar wa zai fara zuwa. In za a sa iyakar gona a manhaja, a bi ta da ƙafa waya na hannu, a ja layin ya shigo ciki da kamar mita 10.

Na uku ya ce tun shigowar Agusta hoto ya daina zuwa masa.

Gajimare ne, Malam, ba wayarka ba. Sentinel-2 ba ya gani ta cikin hadari, kuma hoton da gajimare ya ɗan taɓa yakan nuna ma'auni ya faɗi ƙasa kwatsam. Kullum a duba ranar da aka ɗauki hoton, a kwatanta biyu ko uku a jere kafin a kashe kuɗi. Masu noman rani irin na Kadawa sun fi morewa, ban da kwanakin da hazo ya yi kauri. A can layin da ruwa bai kai ƙarshensa ba yakan fito fili a taswira, a gyara kwalbati ko a daidaita ƙasa.